Ƙafafuna sun zama kara, tumbi kuma sai fitowa yake: keken lantarkin nan zai yi mini amfani?

Tsohon Direba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina leƙowa nan ina karatu a ɓoye, ban taɓa tofa albarkacin bakina ba. Yau dai neman shawara ya fito da ni.

Shekarata 36. Shekara uku da wata huɗu ke nan da tayar gaba ta fashe mini a hanyar Kano zuwa Zariya, an ɗan wuce Kwanar Ɗangora, da Sharon cike da fasinja. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma ni na samu karaya a gadon baya, laka ta taɓu a gaɓar da likitoci ke kira T8. Daga ƙasan haƙarƙarina zuwa tafin ƙafa ba na ji, ba na motsawa. Hannuwa kam Alhamdulillahi, da su nake tura keke, da su nake hawa gado in sauka ba sai an ɗauke ni ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne yadda jikina ya juye. Da, duk yammar da ban yi lodi ba ina filin ƙwallo, lamba biyar nake tsayawa, kuma cinyata ba ta shiga wandon kanti sai an buɗa shi. Yanzu in na zauna wanka na dubi ƙafafun nan sai in ga kamar na wani ne aka jona mini: gwiwa ta fi cinya kauri, sharaɓa ta zube, fata ce kawai ke reto. Shi kuwa ciki sai gaba yake yi. Da ƙaramar Sallah telan da ya fi shekara goma yana mini ɗinki ya zo har gida ya auna ni, ya duba tsohon littafinsa, ya sake aunawa, sannan ya ce ƙuguna ya ƙaru da inci biyar. Na cinya bai faɗa ba, kunya ta hana shi. Ni na karɓi tef ɗin na gane wa idona.

Abin mamakin, nauyina yana nan inda yake. Kafin hatsarin kilo 71 nake. Watan jiya ƙanena ya tura ni wurin wani mai hatsi da ke da sikelin ƙasa, muka auna ni da keken, muka auna keken shi kaɗai, muka cire, sai ga kilo 70. Masu zuwa dubiya suna cewa "Ma sha Allah, ka murmure, har kumatu ka yi." Ni kuwa na san wannan ba murmurewa ba ce. Ga shi an gwada mini suga da safe kafin in karya, likita ya ce ya ɗan haura, ciwon bai shigo ba tukuna amma yana bakin ƙofa.

To yayana da ke aiki a Jamus ya turo mini bidiyon wani Bature a keken guragu, an ɗaure masa ƙafafu a feda, an liƙa masa wasu faci masu waya a cinya, ƙafafun suna juya fedar kamar na mai lafiya. Ya ce sunan abin FES, wutar lantarki ce ke sa tsoka ta yi aiki. Ya ce ya samu na hannu, amma kuɗinsa da na aikowa sun fi na Sharon ɗin da ta kai ni ƙasa. Sai ya ba ni zaɓi: ko ya saya mini na'urar, ko ya ba ni kuɗin in fasa katangar ƙofar gida in buɗe shagon kayan masarufi. Ba zai iya duka biyun ba, shi ma yana da iyali.

Tambayoyina: naman da aka ce yana dawowa, nama ne na gaskiya ko kumburi? Yana rage tumbi? Sai ta ukun da ban yi wa ko matata ba: akwai wanda ya bi ta wannan hanyar ya miƙe ya taka? Don Allah a gaya mini gaskiya, na sha maganin masu lasifika har na ƙoshi.

Mai Gashin Ƙashi

Wa alaikumus salam Malam Direba. Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ne. Aikina ke nan, gashin ƙashi, kuma na daɗe tare da masu ciwon laka, don haka zan ɗan ja maganar.

Bari in fara da abin da ya faru da jikinka, domin sikelin mai hatsin nan bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi komai ba. Tsokar da ba ta samun umarni daga ƙwaƙwalwa tana zubewa da saurin da mutane ba sa zato. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Jojiya ta Amurka, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa mako shida kacal bayan yankewar laka, kaurin tsokokin ƙafa ya gaza na masu lafiya da kashi 18 zuwa 46 cikin ɗari, ya danganta da tsokar. Gurbin da naman ya bari kuma kitse ne ke shigewa, har cikin ita kanta tsokar, irin yadda kake ganin zanen fari a naman sa mai ƙiba. Kilonka 70 na yau ba shi ne 71 na da ba. Buhun ɗaya ne, abin da ke ciki ne aka sauya. Shi ya sa masana suka ce ma'aunin ƙiba na BMI yana yaudara a wurin mai ciwon laka: a wurinku, daga 22 ake fara zargin kitse ya yi yawa, lambar da a jikin wani sai a ce masa daidai yake. Sugan naka ma daga nan ya taso. Tsoka ita ce babbar mai shanye sugan jini bayan an ci abinci, manyan tsokoki kuwa a cinya da mazaunai suke.

Yadda keken ke aiki: ka ɗauka wayoyin gidanka lafiyarsu ƙalau, fanka da ƙwai duk suna nan, babban layin da ke kawo wuta unguwar ne ya tsinke. Na'urar janareta ce. Jijiyoyin da ke fita daga ƙasan wurin da ka ji ciwo zuwa ƙafa suna da rai, saƙo ne ba ya iso musu daga sama. Sai a liƙa faci a gaban cinya, bayan cinya da mazaunai, hagu da dama. Kwamfutar na'urar ta san inda feda take a kowane lokaci, sai ta aika wa kowace tsoka wuta daidai sa'adda ya kamata ta tura ko ta ja. In tsokar ta gaji, akwai ƙaramin inji da ke karɓar juyin. Ba sabon abu ba ne, tun farkon shekarun 1980 Jerrold Petrofsky ya fara ɗora mutane a kai a Jami'ar Wright State da ke Ohio.

Tambayarka ta farko: nama ne na gaskiya, an auna shi da hoton ciki, ba da ido ba. A Kopenhagen ta Denmak an bi mutum 10 na shekara guda suna yin minti 30, sau biyu zuwa uku a mako, kaurin tsokar cinyarsu ya ƙaru da kusan kashi 12. A binciken 2008 da masana na cibiyar masu ciwon laka ta Nottwil da ke Suwizalan suka jagoranta, mutum 11 suka yi da ƙarfi, kusan awa guda sau uku zuwa huɗu a mako har shekara, tasu ta ƙaru da wajen kashi 35. Ka lura da abu biyu: mutanen kaɗan ne, kuma wanda ya fi zuba lokaci shi ya fi kwasa. A kan tsoka dai kusan duk binciken bakinsu ɗaya. Yadda jiki ke sarrafa suga ma an sha ganin ya gyaru.

Ta biyu, tumbi. A nan kada ka sa rai da yawa. Wasu binciken sun ga kitse ya ɗan ragu, musamman na ƙafa, wasu kuma sun ga nama ya ƙaru amma kitsen yana nan daram. Dalili a fili yake. Ƙarfin da shanyayyar ƙafa ke bugawa a feda ɗan kaɗan ne, kuma tana saurin gajiya, domin wuta ba ta iya rarraba aiki tsakanin zaren tsoka yadda ƙwaƙwalwa ke yi, waɗanda ta kama su take ta matsa wa. Abin da za ka ƙona a rabin awa, robar lemo ɗaya ta rabin lita ta mayar da shi har da riba. Sannan jikinka a zaune yanzu yana ƙona ƙasa da na da, an kiyasta ragin a kashi 14 zuwa 27 a masu ciwon laka. In har malmalar tuwon da ake zuba maka ita ce ta lokacin da kake Kano-Kaduna sau biyu a rana kana buga lamba biyar, to ka ga inda inci biyar ɗin suka fito. Wani ɓangaren tumbin kuma ba kitse ba ne ma. A T8 yawancin tsokar bangon ciki ta saki, babu abin da ke riƙe kayan ciki, sai su zubo gaba. Wannan ɗamarar ciki ce ke taimaka masa, ba keke ba.

Ta uku. A'a, Malam. Keken ba ya ɗinke laka. Christopher Reeve, ɗan fim ɗin Amurka da ya faɗo daga doki a 1995, yana da kuɗi da likitocin da duk duniya ke nema, ya yi shekaru yana hawa irin wannan keken. A 2000 ya fara motsa yatsa, jin taɓawa ya dawo masa a sassa da dama na jiki, likitoci suka yi ta mamaki, amma har ya rasu a 2004 bai taka ba. Wanda lakarsa ba ta yanke duka ba, yana da ɗan motsi ko ji a ƙasa, shi keken kan iya ƙarfafa masa abin da ya rage. Yadda ka siffanta naka, ka saye shi don nama da jini da suga in za ka saya, kada ka saye shi don tafiya.

Kafin yayanka ya fitar da ko sisi, abu biyu. Na ɗaya, ƙafafun suna zabura da kansu? Suna fizga in an taɓa su ko in keke ya faɗa rami? In suna yi, alama ce jijiyoyin ƙasan suna raye kuma wuta za ta kama. Na biyu, ƙashi. Shekara uku ba ka tsaya a kansa ba, ƙashin da ke sama da ƙasan gwiwa ya yi laushi ƙwarai, a nan masu ciwon laka suka fi karyewa, wani ma wurin sa masa safa ko juya shi a gado, kuma ba zai ji ba sai an ga kumburi. Ana son a auna ƙarfin ƙashi da na'urar DEXA in an samu, in ba a samu ba aƙalla likitan ƙashi ya ɗauki hoton gwiwa da ƙugu ya duba. In akwai gyambon kwanciya a mazaunai, ko gudan jini a jijiyar ƙafa, ko gwiwar ta sandare ba ta lanƙwasuwa, ba a hawa sai an magance.

Kawu na Baltimo

Ƙanena, sannu da jiki. Hajiya ta yi maka bayanin littafi, ni kuma bari in ba ka na wanda ke kan abin. Nawa T4 ne, mota ce ta buge ni ina tsallaka titi a nan, shekara tara ke nan. Keken yana falona shekara huɗu, RT300, kamfaninsu ma a nan garin aka kafa shi. Inshora ce ta ɗauki mafi yawan kuɗin bayan an sha rubuce-rubuce, da aljihuna ne da ban gan shi ba.

Ranar farko na ɗauka zan yi ta tuƙi. Minti huɗu ƙafafun suka yi suka ce sun gama, injin ya karɓa, ni kuma ina zaune ina kallon allo kamar wanda aka kora daga aji. Sai da na yi wata uku kafin su iya rabin awa da kansu. Bayan shekara ɗaya cinyata ta tashi daga inci 15 zuwa 17 da rabi. Nauyina ya hau da kilo uku, uwargida ta tayar da hankali wai na'urar tana sa ni ƙiba, sai da mai gashin ƙashin ta zaunar da ita ta nuna mata hoton.

Abin da ya fi mini daɗi ba a cinya yake ba, a mazaunai yake. Da, ƙashin zama kamar zai huda fata, awa biyu a keke sai wurin ya yi ja, na yi jinyar gyambo ta wata biyar a kife, ba na fata ko maƙiyina ya ɗanɗana. Tun da naman wurin ya ɗan ciko ban sake yi ba, ko da yake ban bar ɗaga jiki da duba wurin da madubi ba. Ƙafafuna da ke yin sanyi kamar ƙanƙara suna ɗumi bayan na sauka, kumburin idon sawu yana saɓewa, kuma daren da na hau, fizgar ƙafa ba ta tashe ni.

Tumbi kuwa, wallahi shekara biyu ina tuƙi yana kallona ina kallonsa. Bai motsa ba sai da na bar shinkafar dare da shayi mai cokali uku, na koma cin abincin kirki da rana, da dare ɗan miya da ganye da kifi. Wata takwas na sauke inci uku. Don haka in wani ya ce maka keke ne ya sauke mini, ka ce Kawu ya ce ba shi ba ne.

Ga abin da ba a nuna maka a bidiyo. Tuƙin awa ɗaya yana cin awa biyu, da liƙa faci, da ɗaure ƙafa, da ɗaure keken guragun kada ya tuntsura, da cirewa. Na mazaunai ba ka iya liƙa su daidai kai kaɗai sai da mataimaki. Facin nan kuma cinyewa suke, bayan 'yan makonni gam ɗinsu ya mutu sai sababbi, in ka matsa da tsoho yana iya ƙona fata kai ba ka ji ba. Kuɗi ne da ba ya yankewa. Sannan naman haya ne, ba saye ba. Da mahaifiyarmu ta rasu na je gida na yi wata biyu da rabi, na dawo na tarar inci ɗaya ya tafi, ƙafafun kuma suka koma gajiya a minti goma. Ko a binciken Denmak ɗin da Hajiya ta kawo, ƙarfin ƙashin ƙwauri da suka samu a shekara ya koma inda ya fito da aka rage musu zuwa sau ɗaya a mako.

Wani abu kuma, don masu karatu da nasu ya kai T6 ko sama kamar nawa. Akwai ranar da ina tsakiyar tuƙi kaina ya sara kamar ana buga guduma, gumi ya keto mini a fuska, hanci ya toshe. Robar fitsari ce ta lanƙwashe a ƙarƙashin maɗauri, jini ya yi sama. In haka ta faru a kashe na'ura nan take, a zauna a miƙe kada a kwanta, a sassauta duk abin da ya matse, a duba roba. In bai sauka ba sai asibiti, ba a jira. Kai naka yana ƙasa da nan, amma ka sani.

Da a nan kake da na ce ka karɓa ido rufe. A gida kuwa, sai ka yi lissafi.

Baba Mai Shago

Ɗana, ni ban san boko ba, jikata ce ke karanta mini tana rubuta abin da na ce. Shekara talatin ina kasuwa. Ka karɓi shago.

Injin da babu mai gyaransa a garinku ba naka ba ne, na ranar da zai lalace ne. Wutar da za a kawo a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi ta ƙona firji, ita za ka jona wa abin da ya fi mota tsada? Ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara da zai narkar da gam ɗin da wancan bawan Allah yake magana. In wani abu ya mutu a ciki sai ka jira yayanka ya zo hutu. Shago kuwa zai fitar da kai ƙofar gida kullum, ka yi ciniki, ka yi faɗa da masu bashi, ka ciyar da iyalinka da hannunka. Mai zaman ɗaki shi ke yawan kallon cinyarsa. In shagon ya yi albarka, kai da kanka ka sayi injin.

Maman 'Yan Biyu

Don Allah Anti Mai Gashin Ƙashi ku yi haƙuri in shigo da tawa. 'Yata shekararta 19, shan inna ya kama ta tana da shekara biyu, ƙafarta ta dama siririya ce ƙwarai, da sanda take tafiya. Kullum cikin dogon siket take don kada a gani. Wannan wutar za ta ciko mata da ƙafar?

Mai Gashin Ƙashi

Maman 'Yan Biyu, Allah ya raya mana ita. Ba zan ɓoye miki ba, irin wannan na'urar ba ta yi wa shan inna aiki. Cutar tana kashe ainihin ƙwayoyin jijiyar da ke fita daga laka zuwa tsoka. In na koma misalin ɗazu, a nan wayoyin cikin gidan ne suka ƙone, ko an kawo janareta ba inda wutar za ta bi. Haka ma wanda ya ji ciwo can ƙasan baya inda jijiyoyi suka rarrabu kamar jelar doki, ƙafarsa ta yi laɓo-laɓo ba ta zabura. Akwai wata na'ura daban da Helmut Kern da abokan aikinsa suka gwada a Biyena ta Ostiriya, mai aika wuta mai tsayin zango kai tsaye cikin tsokar da ta rasa jijiya, amma a kan masu raunin laka aka yi, kuma ta fi aiki a shekarun farko kafin tsokar ta rikiɗe. Bayan shekara 17, abin da zai amfani 'yarki shi ne takalmin ƙarfe da aka auna mata daidai, da kula da ƙafar hagun da kafaɗun da ke ɗauke da ita. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi zai ciko da ƙafar da wuta, ki riƙe kuɗinki.

Malam Direba, maganar Baba tana da nauyi, kuma akwai hanya ta uku da ban kawo ba ɗazu. In nama kake nema, ba dole sai keke ba. Gary Dudley a Jojiya, daga baya kuma Ashraf Gorgey a asibitin tsofaffin sojoji na Richmond, sun yi amfani da ƙaramar na'urar wuta a tsokar gaban cinya kawai: mutum yana zaune a kekensa, wuta ta sa gwiwa ta miƙe, ta sauko, sau goma, a huta, a yi zagaye huɗu, sau biyu a mako. Ana farawa ba nauyi, sannan a riƙa ɗaura ɗan nauyi a idon sawu ana ƙarawa sannu a hankali. Cikin mako 12 tsokar ta ƙaru da kashi 35 ko fiye. Wato abin da keke ya bayar a shekara, a wannan tsokar guda. Na'urar da batir take aiki, tana shiga jaka, kuɗinta bai kama ƙafar na keken ba.

Amma ba ta ba ka abin da keke ke bayarwa na bugun zuciya da zagayawar jini na rabin awa, kuma mazaunai sai an yi musu nasu daban. Wannan gurbin da hannu za ka cike shi: ƙa'idar da masana suka fitar wa masu ciwon laka ita ce aƙalla minti 20 na motsa jiki mai sa haki sau biyu a mako tare da ɗaga nauyi sau biyu, in kuma don suga da zuciya ne, minti 30 sau uku. Tura keke da sauri a fili mai kyau yana shiga ciki, ka dai lallaɓa kafaɗa, ita ce ƙafarka yanzu.

Kada a sayo maka ɗan abin tausa da ake tallarsa a kasuwa, wanda ke sa fata tsuwa. Ba shi da ƙarfin ɗaga ƙafa. Yayanka ya nemi mai ƙarfin da ya kai miliamfiya 100 ko sama, kuma zaman farko da na biyu a gaban mai gashin ƙashi za a yi su, bayan likitan ƙashi ya amince. Nauyin idon sawun nan shi ne wurin haɗarin, ba a gaggawa da shi.

Tsohon Direba

Jama'a na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi shiru kwana goma ne don ina son in dawo da labari.

Hajiya, suna zabura. Har kunya suke ba ni, ranar ɗaurin auren ƙanwata ta dama ta harba ta zubar da kwanon wani. Ashe abin da nake tsana shi ne alamar. Na je asibitin ƙashi na Dala, an ɗauki hoton gwiwa da ƙugu, likita ya ce ƙashin ya yi shara-shara amma ba tsagewa, in bi a hankali, kuma kada a ɗaura mini nauyi sai ya sake gani. Daga nan aka tura ni sashen gashi. Wani matashi ya liƙa mini faci biyu a cinyar hagu ya riƙa murɗa abin kaɗan-kaɗan. Da farko ba komai. Sai na ga fatar tana rawa. Sai ƙafar ta taso daga kan matakin kekena ta miƙe tsaf, ta tsaya a iska, ni ban ji komai ba. Ƙanena ya yi salati da ƙarfi har mutane suka waigo. Ni dai na kasa magana. Sau shida ta yi, a na bakwai ta ɗago rabi ta koma.

Na san abin da kika gaya mini game da tafiya, na kuma karɓa. Amma a daren ban yi barci ba.

Na kira Yaya mun yi magana. Za a fasa katangar bayan Sallah, kuma ya ce a yi ƙofar da faɗi da gangare yadda kekena zai shiga har bayan kanta. Ƙaramar na'urar zai aiko da ita ta hannun wani abokinsa da zai zo, da faci masu yawa. Baba, ka yi nasara, amma ban cire rai da keken ba, na ce masa ya bar lambar mai shi a wayarsa.

A gida kuma an fara rigima. Na ce a rage mini tuwon dare zuwa rabi, Inna ta ce ba a gidanta za a bar mara lafiya da yunwa ba, mutane su ce an gaji da ni. Yanzu dai matata tana zuba mini a ƙaramin kwano ta cika shi fal don Inna ta ga a cike yake.

Kawu, na auna da tef ɗin tela: hagu inci 14 da rabi, dama 14. Sai dai na lura in na ɗan matsa sama ko ƙasa lambar tana canzawa. Kai a ina daidai kake sa tef ɗin, kuma a zaune kake aunawa ko a kwance?

Kawu na Baltimo

A kwance, ƙafa a miƙe, da safe kafin ta kumbura. Ka auna inci shida daga saman ƙoƙon gwiwa, ka sa alama da biro, a nan za ka zagaya tef ɗin, kada ka ja shi ya nutse. Mutum ɗaya ya riƙa auna maka, sau ɗaya a wata ya isa. Ka samu littafi irin na telan naka ka riƙa rubutawa, da na ƙugu a layin cibiya. Ka gaishe da Inna.